Man Sandal a Haƙoran Dattijo

Pak Kasmidi haifaffen Jepara ne, a unguwar da in teku ta yi atishawa sai ta fesa wa mutane ƙofar gida. Duk da haka har furfura ta cinye kansa bai taɓa sa ƙafa a kwalekwale ba. In aka tambaye shi dalili sai ya ce shi da teku girmama juna suke yi, ba ya shiga gidanta, ita ma ba ta shiga nasa. Matarsa Bu Ngatinem takan ce rabin zancen ne gaskiya, don babu shekarar da teku ba ta leƙo musu tsakar gida ta tafi da warin takalmi.

Sana'arsa gugar katako ce. Masassaƙa su gama fitar da fure da ganye a jikin kujera, sai a kawo masa, shi ne mai hannun ƙarshe. Zai bi kowane lungu da tsumma da mai har mai saye ya hango fuskarsa a jiki ya manta da tayi. Amma ba da wannan aka san shi ba. An san shi ne da watan Suro, watan farkon shekara, lokacin da kowane gida ke fito da keris ɗin kakanni a yi masa wanka. Wuƙar gado ba kowane hannu ake miƙa wa ba, a unguwarsu Kasmidi ake kai wa. Sai ya shimfiɗa tabarma a baranda, ya sa farar riga, ya jera ruwan kwakwa da lemon tsami da furen melati da 'yar kwalbar man sandal, ya ɗaure fuska kamar likitan da ya gano ciwonka amma bai ga damar faɗa ba. Ya jiƙa, ya goga lemo, ya ɗauraye, ya shanya a inuwa, ya shafa mai. Ba ya karɓar komai sai kofi da soyayyen rogo, amma in kofin ya zo da sanyi sai unguwa ta ji labari.

Wansa Sutarjo, wanda yake kira Mas Tarjo, shi ne ya kwashe duk rabon gidansu na son ruwa. Ya yi karatun jirgi, ya zama jami'i a jiragen kaya, yakan dawo da sabulu mai ƙamshi da labaran da ba wanda zai iya ƙaryatawa. Ciwo ne ya sauko da shi daga jirgi, kuma bai bar shi ya koma ba. Matarsa ta riga shi rasuwa. Da ya ga jikin ba na tashi ba ne, sai ya kira Kasmidi ya danƙa masa abu biyu: 'yarsa Lastri, wadda a lokacin haƙoranta na gaba ba su gama fitowa ba, da wani akwatin katako mai maƙullin tagulla.

"Na cikin nan shi ya ci da mu," in ji shi. "Ka kula da shi, Di. In ta girma ta ce tana so, ka ba ta."

Abin da ke ciki sekstan ne, na'urar da mutanen jirgi ke auna tsayin rana ko tauraro daga gefen ruwa don su san inda suke a tsakiyar teku. Ƙarfe ne kamar an yanko ɓari ɗaya daga faifai, da ƙananan madubai biyu, da ɗan bututun leƙe, da hannu guda da ke zamewa a kan baka mai lambobi. A ƙasan bakan kuma haƙora ne sirara a jere.

Kasmidi bai san aikin ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da ya sani shi ne ƙarfe ne, mamaci ya bari, ya ce a kula da shi, kuma a wajen Kasmidi wannan magana fassara ɗaya gare ta. Suro na zagayowa ya fito da shi ya ajiye a kan tabarma, a gaban duk wuƙaƙen unguwa. Tunda kuma kayan gado ba a kiransu gatsal, sai ya raɗa masa suna Dattijo.

Tun daga nan Dattijo bai taɓa fashin wanka ba. Ya sha ruwan kwakwa, ya sha lemo, ya sha fure. Abu ɗaya ne Kasmidi bai taɓa yarda ba, wato lemo ko mai ya taɓa madubai. Hujjarsa ita ce waɗannan idanun Dattijo ne, kuma babu mahalukin da ake matsa wa lemo a ido. Kafin ya fara sai ya rufe su da ganyen ayaba ya ɗaure da zare. Haƙoran kuwa, da yake su ne lungu, shi kuma mutumin lungu ne, sai ya riƙa ninka musu man sandal, yana turawa da ɗan yatsa don ya shiga sosai. Lastri ce mai riƙe masa kwano tana yarinya. Tana kiransa Paklik, kamar yadda ake kiran ƙanin uba, tana kiran matarsa Bulik, su kuma suna ce mata Nduk, kamar yadda ake kiran 'ya mace.

Yarinya ta girma, kuma jinin uba bai ɓuya ba. Ta tafi makarantar jirgi a Semarang, daga nan ta hau teku koyon aiki, Suro ya yi ta zuwa yana wucewa ba ta gida. Kasmidi ya maƙala hotonta na fararen kaya a inda duk mai shigowa sai ya gani, kuma in baƙo ya kasa tambaya, shi yakan taimaka masa da amsa.

A shekarar da muke magana, ta dawo ana jajiberin wanka da labari a bakinta. An ɗauke ta jami'a ta uku a wani jirgin kaya, zai tashi daga Semarang ƙarshen mako. Bayan an ci shinkafa sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Paklik, ina so in tafi da na Baba."

Bu Ngatinem ta lura har hancin Kasmidi ya ƙara tsawo. Wannan ranar yake jira tun da aka rufe wansa. Ya yanke cewa ba a ɗaki za a yi ba, gobe za a yi, a baranda, a gaban mutane.

Da safe baranda ta cika. Kowa da keris ɗinsa a naɗe cikin ƙyalle, har da Pak Warsito masunci, abokin tsokanar Kasmidi tun suna yawo ba wando, wanda wuƙar gidansu ta fi kama da ta fere rogo amma bai taɓa fashi ba. Kasmidi ya yi gyaran murya, ya tuna wa mutane Sutarjo, ya buɗe akwati. Ƙamshin sandal ya tashi har kajin maƙwabta suka ɗaga kai. Ya miƙa wa Lastri da hannu biyu.

Ta kama Dattijo ta gangar jikinsa ta ɗago shi a hankali. Ta danna maɗaurin hannun nan mai zamewa, ta tura. Hannu bai motsa ba. Ta murɗa ɗan dunƙulen da ke ƙasansa, shi ma ya tsaya cak kamar an haife shi a haka. Ta juya shi ta duba haƙoran. Babu haƙora. Wani baƙin danƙo ne ya shafe su sumul, mai kan mai, shekara kan shekara.

"Dattijo ya yi sanyin ƙashi," in ji Warsito. "Ni ma da safe haka gwiwata take yi."

"Bai saba da hannunta ba ne," in ji Kasmidi. "Kawo, Nduk."

Ya karɓa ya tura, ya ƙara turawa har jijiyar wuyansa ta fito. Lastri ta dafa hannunsa da sauri.

"Kada ka matsa masa, Paklik, zai lanƙwashe."

"Da can yana motsi?"

"Motsin shi ne aikinsa."

Warsito ya ci gaba da taunar rogonsa. Kasmidi ya dubi baƙin danƙon nan, ya gane hannunsa a jiki kamar yadda yake gane kujerar da ya goge ko a gidan wa ya gan ta.

Lastri ta yi murmushin da ake yi wa babba don a rufa masa asiri. "Ba komai, Paklik. Jirgin yana da nasa, ga na'urori ma cike da ɗaki. Wannan a bar shi a gida, ai nan ya fi masa kyau."

Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya mayar da Dattijo akwati, ya wanke wuƙaƙen mutane ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya yi wa kowa faɗa ba, abin da ya tayar wa unguwa hankali. Kofinsa ya yi sanyi a gefensa bai ko kalle shi ba.

Da la'asar Bu Ngatinem ta same shi a bayan gida yana kallon kaji.

"Pak, kajin nan ba su suka yi maka laifi ba."

"Mas Tarjo ya ce in kula da shi, Bu. Ya ce in ba ta. Me zan ba ta? Turare?"

"To, ai ƙamshi kam ba a magana."

"Wasa kike yi."

"Wasa nake yi. Kai da kake cire tsohon fenti daga kunnen dodon kujera da tsinke, danƙo ne zai zaunar da kai gaban kaji? Mai ilimin abin tana ɗaki tana ninke kaya. Ko girman ne ba zai bari ka tambayi 'yar da ka share wa majina ba?"

Girman ya ɗan yi gardama, amma ya tashi. Ya tsaya a bakin ƙofar Lastri ya yi tari.

"Nduk, tun yaushe kika sani?"

Ta ajiye rigar da ke hannunta. "Tun shekarar farko a makaranta. Ranar da malami ya ce mai mai kauri shi ne ajalin sekstan, sai na tuna kwanon da nake riƙe maka. Na sha ɗaukar waya in gaya maka. In na ji muryarka sai in tambayi lafiyar Bulik."

"Shi ya sa kike yawan tambayar lafiyarta. Ita kuma tana ta fariya." Ya shigo ya zauna a ƙasa, ya ajiye akwatin a tsakaninsu. "Koya mini wankansa irin na mutanen ruwa."

Abin da ta faɗa masa bai yi masa daɗi ba ko kaɗan. Babu ruwan kwakwa, babu lemo, babu fure. Ruwan daɗi mai ɗumi kawai, da tsumma mai laushi, da tsohon buroshin haƙori. Danƙon a jiƙa shi da ɗan kananzir a bakin buroshi, a kiyaye kada ya kusanci madubai. Ba a kankara da ƙarfe, ba a gugar lambobi don su yi ƙyalli, ba a ɗagawa ta hannun da ke motsi.

"Kananzir," in ji Kasmidi, kamar an ce ya yi wa kakansa wanka da ruwan kwata. "Wanda ake zuba wa risho."

"Shi fa, Paklik."

"Allah ya sa Dattijo ya yafe mana."

Washegari Lastri ta tafi Semarang ganin likitan kamfani da karɓo kayan aiki, ta bar shi da haƙora. Ya aika wa mai shagon da yake yi wa guga cewa kujeru su jira. Ya fere tsinken gora har ya fi allura tsini, ya aro tabaran matarsa ya ɗora a kan nasa, ya zauna a inda hasken baranda ya fi kyau. Ya jiƙa, ya jira, ya sa tsinke a tsakanin haƙori da haƙori ya ɗago danƙo, ya goge a tsumma, ya matsa na gaba. Aiki ne irin wanda ke sa mai gaggawa kuka, amma Kasmidi bai taɓa gaggawa ba tun da aka haife shi, ungozoma ma ta shaida. Abin da ya fi damunsa shi ne duk ɓarɓashin da ya ciro ya san shi. Na sama mai laushi na bara ne. Na ƙasa mai tauri kamar dutse na shekarun da Lastri ke riƙe kwano ne, lokacin da hannunsa ya fi sakewa da mai saboda kewar ɗan'uwa.

Warsito yakan biyo kullum in ya dawo daga ruwa, ya jingina da ginshiƙi, ya kira shi Kang, wato yaya.

"Kang, yau haƙori nawa aka cire? In ka gama ga nawa nan, na baya yana damuna."

"Naka ba tsinke yake so ba, guduma yake so."

"Ka dai yi a hankali. In Dattijo ya farka ya ga an yi masa wanka da kananzir, ni ban san ka ba."

Sannu a hankali tagulla ta fara leƙowa, haƙora suka fito reras. Ya bi su da ruwan ɗumi, ya tsane da tsumma, ya bar shi a inuwa ya sha iska. Shanyar inuwa dai ita kaɗai ce mutanen ruwa da mutanen keris suka yi ittifaƙi a kanta, kuma wannan ya ɗan sanyaya masa rai.

Lastri ta dawo ana gobe za ta tafi. Ta duba haƙoran sosai, sannan ta ce, "Bulik, ara mana man keken ɗinki."

Bu Ngatinem ta kawo 'yar gwangwanin mai dogon baki, tana tafiya kamar wadda aka naɗa sarauta. Kasmidi ya karɓa ya karkata da niyyar alheri.

"Ɗigo ɗaya, Paklik."

"Ɗaya? Ga baki ɗayan Dattijo?"

"Ɗaya a kan dunƙulen murɗawa. Shi zai raba wa haƙoran. Abin da ya yi saura ma a goge."

"Wannan ai rowa ce, Nduk. Ko maraya an fi ba shi haka."

Amma ɗaya ya ɗiga. Ya danna maɗauri kamar yadda ta nuna masa, ya tura da ɗan yatsa. Hannun ya tafi sulu daga wannan gefe zuwa wancan ba ko ƙara. Ya dawo da shi. Ya sake turawa. Sai da Bu Ngatinem ta ce zai gajiyar da tsoho sannan ya bari.

"Saura gwaji," in ji Lastri. "Motsi daban, faɗin gaskiya daban. Sai mun je inda ake ganin gefen ruwa sosai."

Inda ake ganinsa sosai kuwa ƙarshen gadar katakon masunta ne, wadda ta miƙe cikin teku, ruwa na wasa a ƙarƙashinta. Kasmidi bai taɓa wuce katako na farko ba. Ranar ya rungume akwati a ƙirji ya bi bayan Lastri, yana taka kowane katako kamar yana neman izininsa. Warsito na zaune a kwalekwalensa yana gyaran taru, ya ɗago kai ya saki baki.

"Jama'a ku fito, yau teku ta yi babban baƙo. Kang, in jefo maka igiya?"

"Ka ɗaure bakinka da ita."

Rana ta karkata yamma, teku ta kwanta. Lastri ta mayar da hannun kan sifili ta leƙa gefen ruwa, inda sama ta taɓa teku. Ta ce layin ya ɗan karye, rabi sama rabi ƙasa. Kasmidi ya ƙanƙame akwati. Sai ta tambaye shi ko akwai wani ɗan ƙaramin ƙarfe a akwatin. Akwai. Ya daɗe da naɗe shi a farin ƙyalle a kusurwa, don ya ɗauka layar Dattijo ce. Ta warware, ta sa a bayan madubi ta ɗan murɗa, ta leƙa, ta ƙara murɗawa kaɗan. Sai ta sauke gilasai masu duhu, ta ɗaga shi wajen rana, yatsunta na juya dunƙulen. Ta karanta lambobi, ta duba agogonta, ta yi lissafi a wayarta, leɓenta na motsi.

"Yaya?" in ji Kasmidi.

"Ya ce muna Jepara."

"To ai ni ma na san wannan."

"Shi ne ake so ya sani, Paklik." Ta juya madubin tana kallonsa. "Ka ga idanun nan? Wata ƙawata ta kawo na kakanta makaranta, gishiri ya cinye madubai, jikin ya yi kore, sai ado. Wannan ko ɗigon tsatsa babu. Ganyen ayabarka ne ya tsare ido, man nan kuma da ya toshe shi, shi ya hana iskar teku cin sa."

Kasmidi ya gyara tsayuwa. Ya ma manta a kan ruwa yake.

"Dama na san abin da nake yi," in ji shi.

Ta yi dariya ta miƙa masa. Shekaru yana wanke Dattijo, bai taɓa kawowa a ransa ya leƙa ta cikinsa ba, don yana ganin rashin kunya ne. Ya sa ido. Ga rana nan, 'yar koriya sumul kamar ƙwallo. Lastri ta ɗora yatsunsa a kan dunƙulen ta ce ya murɗa a hankali. Ya murɗa, sai rana ta fara saukowa. Ta sauko, ta sauko, har ta zauna daidai a kan gefen ruwa, alhali ta waje tana can sama abinta.

Ya daɗe a haka. Da ya sauke, sai da ya share ido da hannun riga, ya ce iskar teku ce, dama shi ya sa ba ya zuwa.

"Ashe abin da Mas Tarjo ke yi ke nan," in ji shi. "Ya sauko da rana kullum, bai taɓa gaya mana ba. Sai labarin sabulu."

Da safe, kafin motar Semarang ta zo, ya miƙa mata akwati da hannu biyu, wannan karon a tsakar gida, ba taro. Bu Ngatinem ta cusa mata gwangwanin man keken a jaka, ta ce keken ya jira. Lastri ta karɓi akwatin, ta ɗan sunsuna, ta dubi kawunta.

"Paklik."

"Murfin kawai na shafa wa. Katako ne, wannan kuma fannina ne, ba malamin da zai gaya mini."

Ta sumbaci bayan hannunsa ta tafi da Dattijo a cinyarta.

Har yanzu in Suro ya zo Kasmidi na shimfiɗa tabarmarsa, kuma wurin nan na gaba ba ya barin a ajiye wuƙar kowa a kai. In baƙo ya tambaya, ko bai tambaya ba, sai ya ce na Dattijo ne, ya koma bakin aiki, yana can yana nuna wa wani ƙaton jirgi hanya. Daga nan sai ya yi wa mutum bayanin haƙora da madubai, ya ɗaga ɗan yatsa ya ce sirrin ƙarfe ɗigo ɗaya ne, yana faɗa yana kwarara wa keris ɗin Warsito man sandal har yana ɗiga a tabarma.